Koriyar Wayar Da Ke Ƙarƙashin Bas Ɗin Ba-Birki

Akwai wani tsohon direban bas da abokan aikinsa suke kira Ba-Birki. Kada ku ɗauka tuƙinsa ne ya jawo masa sunan. Shekara talatin da biyu ya yi a kan titi, ko kaza bai taɓa takewa ba. Bakinsa ne ba shi da birki. Idan ransa ya ɓaci, sai ya gama faɗa sannan yake tambayar me ya faru.

Da ya ajiye aiki, kamfanin da ya yi wa aiki ya bar masa tsohuwar bas ɗin da ya daɗe yana ja, don injinta ya riga ya mutu. Aka jawo ta har ƙofar gidansa aka ajiye.

Matarsa maɗinkiya ce. Ta yi shekaru da shagonta a bakin titi, sai aikin faɗaɗa hanya ya cinye shagon. Shekara guda tana ɗinki a falo. Zare a kan kujera, zare a cikin kofin shayi, rannan har allura Ba-Birki ya zauna a kai. Ranar ya yi rantsuwa cewa bas ɗin nan ita ce sabon shagonta.

Kuma a gaskiya mutumin ya yi aiki. Ya cire kujeru, ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya rufe bangon ciki da falanki, ya kafa teburin yanka da wurin guga da wurin kekuna uku.

Amma abin da ya fi alfahari da shi yana ƙarƙashin motar. Ba-Birki ya tsani tsatsa kamar mutuwarsa. Kwana tara ya yi kwance rigingine a kan kwali, yana shafa wa ƙarfen ƙarƙashin motar baƙin fenti mai kauri, shafi uku. Duk baƙon da ya zo, kafin a nuna masa ciki sai an sa shi ya durƙusa ya leƙa ƙasa ya yaba.

Aikin wuta kuwa ƙanin matarsa ne ya yi. Wannan ƙanin ana ce masa Injiniya, alhali iyakar karatunsa a fannin bidiyo ne da yake kallo a waya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya jawo wuta daga cikin gida, ya kafa akwatin wuta a bayan kujerar direba, ya kunna, fitila ta kama. Ya kaɗe hannu ya ce an gama.

Maɗinkiya ta dubi ƙanin nata, ta dubi wayoyin, ta ce, “Baban yara, ni dai ba zan sa ƙafata a ciki ba sai mai aikin ya duba. Wannan tun yana ƙarami duk abin da ya kwance sai wani abu ya yi saura a hannunsa.”

Shi ya sa aka kira wani ma'aikacin lantarki da ake wa laƙabi da Sai-Na-Auna. Duk tambayar da ka yi masa, amsarsa ke nan. Zai yiwu? Sai na auna. Kwana nawa zai ɗauka? Sai na auna. Siririn mutum ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri.

Ya iso a kan tsohon babur, suka gaisa, ya kashe wuta daga cikin gida, ya buɗe akwatin. Ya daɗe yana kallon wayoyin.

Ba-Birki ya ce, “Malam, dubawa ce kawai fa. Jibi take son ta fara aiki.”

“To, Maigida. Sai na auna.”

Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wasu an zura su ta hujin ƙarfe mai kaifi ba tare da roba ba, ya sa musu alama. A cikin akwatin an murɗe koriyar waya da wata wayar wuri ɗaya, ya raba su. Daga nan ya bi koriyar har inda ta fita ta ƙasan motar, ya kwanta a kan kwalin Ba-Birki ya shige.

Injiniya ya ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen motar, daidai kan fentin nan mai shafi uku. Sai-Na-Auna ya ɗora bakin mitarsa ɗaya a kan wayar, ɗaya a kan ƙarfen riƙo na bakin ƙofa. Mita ta yi shiru.

Sai ya ciro samfefa daga jaka ya fara kankare fentin.

Jama'a, da Ba-Birki ya ji ƙarar nan, ya leƙa ya ga baƙin gari yana zubowa ƙasa, sai da jijiyar wuyansa ta miƙe.

“Kai Malam, lafiyarka kuwa? Wuta na kira ka ka duba ko fenti? Ka san kwana nawa na yi a ƙarƙashin nan? Bayana har yau bai daina ciwo ba.”

Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Sai-Na-Auna ya tsaya da kankarar, ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya fito ya zauna a kan matakalar motar.

Ya ce, “Maigida, fentinka ya yi kyau, kyansa ne ma matsalar. Ko ruwa ba ya ratsa shi, wuta ma haka. Wannan koriyar waya ita ce hanyar gudun wuta. Ranar da wata waya ta fashe ta taɓa jikin motar, ta nan wutar za ta bi da gudu, sai bireka ta faɗi ta yanke komai. Yanzu a kan fenti take zaune. Da ita da babu duk ɗaya.”

“Gidana ma ai da wuta, ban ga an kankare bango ba.”

“Gida a ƙasa yake zaune. Wannan a kan taya take, taya kuwa roba ce. Idan wuta ta shiga jikin motar nan, ba ta da wurin zuwa, sai ta zauna tana jira. Wanda ke ciki ba zai ji komai ba, kamar tsuntsu a kan wayar titi. Wanda take jira shi ne mai ƙafa a ƙasa, hannu a kan ƙarfen nan.”

Ya dafa ƙarfen riƙon, ya ce, “Wa zai riƙa fara buɗe ƙofar nan da safe?”

“Maman yara mana.”

“Da takalmi?”

Sai Ba-Birki ya tuna. Matarsa ba ta taka keke da takalmi, ta ce ba ta jin keken a ƙafarta. Kuma tun tana tsohon shago, kullum safiya sai ta wanke bakin ƙofa da ruwa kafin ta shiga, ƙafa ba takalmi.

Maganar ta taɓa shi, amma girman kai ya hana shi nunawa. Ya ce, “Ku masu wuta kun iya tsoratar da mutane. Yi abin da za ka yi, amma kada ka wuce tafin hannu ɗaya.”

“Tafin hannu ɗaya ya isa.”

Aikin da aka ce dubawa ce sai da ya ci kwana uku. Sai-Na-Auna ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari yana ƙyalli, ya ɗaura koriyar waya da noti biyu, ya lulluɓe da giris don kada tsatsa ta kama. Ya ja wata gajeriyar koriyar zuwa ƙofa, wata zuwa ƙarfen riƙo. Ya sa roba a kowane huji. Ya kafa dogon ƙarfe a cikin ƙasa gefen motar ya haɗa shi da akwatin. Kowane mataki sai ya auna, sai mita ta yi ƙara, sannan ya wuce gaba.

Yana da wasu halaye biyu da ba ya bari a kowane aiki. Na farko, ya ɗauki fensir ya ja layi a kan falankin bango, duk inda waya ta bi ta baya, ya kuma zana taswirar a takarda ya manna a murfin akwatin. Ya ce kada a buga ƙusa a kan layin. Na biyu, ya yanki ɗan gwangwani, ya yi rubutu a kai da bakin ƙusa, ya rataya a jikin notin da ke ƙarƙashin mota. Ba-Birki bai ko leƙa ya karanta ba, don ba ya son ganin wurin da aka ɓata masa.

Shago ya buɗe, aiki ya kankama. Maɗinkiya ta yi ta sa wa mijinta albarka. Shi kuwa duk inda ya zauna da abokai sai ya kawo zancen mai wutar nan da ya yi kwana uku a kan waya ɗaya. Har kwaikwayon muryarsa yake yi, ana dariya.

Layukan fensir ɗin nan kuma suka tsone masa ido. Bango mai kyau, an zane shi kamar allon makaranta. Sati biyu da buɗe shago ya sayo farin fenti ya shafe su tas.

Bayan wata huɗu, makarantu suna gab da komawa, kayan makaranta suka taru a shagon har kan teburin yanka. Wata safiya aka tashi da ruwan sama, kuma an ɗauke wuta. Maɗinkiya ta wanke matakala ta fita sayen maɓallai. Ba-Birki ya ce bari ya yi mata abin mamaki. Ya daɗe yana ganin zarurrukanta a cikin kwali, sai ya kafa mata kantar jera zare a bango da dogayen sukurori huɗu, ya jera zaren launi-launi, ya ja da baya yana jin daɗin kansa.

Ta dawo ta gani, ta yi murna. Can wajen hantsi aka dawo da wuta. Fanka ba ta ko gama juyi ɗaya ba sai ji suka yi ƙas, bireka ta faɗi.

Ba-Birki ya ɗaga ta, ta faɗi. Ya cire dutsen guga ya sake ɗagawa, ta faɗi. Ya cire komai da komai, ta sake faɗuwa.

Maɗinkiya ta ce, “Baban yara, da la'asar iyayen yara za su zo karɓa, ko rabi ban goge ba.”

Ya fita waje ya kira Injiniya a waya. Shi kuwa daga inda yake, ba tare da ya ga komai ba, ya ce, “Yaya, ai na sani. Koriyar wayar nan ce da mutuminku ya ɗaura take shanye wutar. Lokacin da na yi nawa aikin ka taɓa ganin ta faɗi? Kwance ta kawai, minti biyu ne.”

Maganar ta yi wa Ba-Birki daɗi, don dama abin da yake son ji ke nan. Ya ɗauko sifana da kwalinsa, ya shige ƙarƙashin mota. Ya kwance noti na farko. Yana laluben na biyu sai ɗan gwangwanin nan ya taɓa masa hannu. Ya goge giris ɗin da babban yatsa, ya karanta:

KADA A KWANCE. A KIRA NI TUKUNA.

A ƙasa ga lambar waya.

Ba tsoro ne ya tsayar da shi ba, gaskiya ɗaya ce. Haushi ne. Ya ce ai kuwa zan kira ka, ka ji abin da ke bakina. Yana kwance a wurin ya danna lambar, ya zazzage masa kwandon faɗa: aikin banza, kwana uku a banza, fenti a banza, ga mace da kayan mutane a hannu.

Sai-Na-Auna ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Maigida, ka kwance wayar?”

“Saura noti ɗaya.”

“Ka bar shi. Ka shiga gida ka kashe wutar motar daga can. Kada kowa ya ƙara ɗaga birekar. Ga ni nan.”

“Me ya lalace?”

“Sai na auna.”

Yana tsakiyar wani aiki ne a lokacin, amma ya ba masu shi haƙuri ya hau babur. Ko rabin awa ba a yi ba ya iso, wandonsa duk taɓo. Ya buɗe akwatin, ya auna nan, ya auna can, sai fuskarsa ta canza.

Ya ce, “Maigida, abin da ka so yi, bari mu yi shi tare. Amma daga nesa.”

Ya shiga ƙarƙashin motar ya ƙarasa kwance koriyar wayar da hannunsa. Ya ciro ƙwan fitila mai wayoyi biyu daga jaka, ya maƙala ɗaya a ƙarfen riƙo na bakin ƙofa, ɗaya a ƙarfen da ya kafa a ƙasa. Ya ɗaga bireka. Sannan ya sa mata da miji suka koma cikin ƙofar gida, ya tabbatar babu mai wucewa, ya kunna wutar daga can.

Bireka ba ta faɗi ba. Ta tagar motar suna hango fanka tana juyawa, fitilun ciki sun kama.

Ba-Birki ya ce, “To ka gani? Ashe yaron nan gaskiya ya...”

Bai ƙarasa ba. Ƙwan da ke rataye a ƙarfen riƙo yana ci, haske fari tas, da rana tsaka. Babu soket a wurin, babu makunni. Daga jikin ƙarfen da matarsa take kamawa kullum yake shan wuta. A ƙasansa ga bokitinta da tsumma, ga sawun ƙafarta a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, yatsu biyar sun fito sarai.

Sai-Na-Auna ya kashe wutar. Ƙwan ya mutu.

Ya ce a hankali, “Da ka kwance, komai zai yi aiki lafiya kamar yadda ka gani. Sai ta fito ta zubar da ruwan bokitin nan, ta juyo za ta hau.”

Ba-Birki ya zauna a dokin ƙofa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a shekara talatin da biyu na tuƙi. Saura noti ɗaya, da hannunsa.

Sai-Na-Auna ya shiga motar, ya nemi layukan fensir ɗinsa, ya ga farin fenti. Ya duba takardar da ke murfin akwatin, ya auna bango da taƙi, hannunsa ya tsaya daidai kan sabuwar kantar zare. Ya sauke zarurrukan a hankali don kada su ɓaci, ya kwance sukurori. Na ukun ya fito da baki ƙonanne. Ya huda waya, ya wuce ya taɓa ƙarfen motar.

Maɗinkiya ta leƙo ta ce, “Malam, me ya faru ne?”

Ya dunƙule sukurun a hannu ya zura a aljihu. “Wata waya ce ta ji ciwo a bayan bango, Hajiya. Yana faruwa. Yanzu zan canza ta.”

Wannan ita ce ta ƙarasa Ba-Birki. Mutumin da ya zaga ɗazu, wanda ya yi wata huɗu yana kwaikwayon muryarsa ana dariya, shi ne yake rufa masa asiri a gaban matarsa.

Ya taso ya miƙa hannu. “Malam, ba ni shi.”

Ya ɗora sukurun a tafin hannun matarsa. “Maman yara, nawa ne. Ni na shafe layin da ya ja, ni na ɗaura wannan a kan waya, kuma ni na shiga ƙasa zan kwance abin da ya tsare ki. Da bai rataya ɗan gwangwanin nan ba, da yanzu wani zancen ake yi.”

Ta daɗe tana kallon sukurun. Idonta ya kawo ruwa, ta share da gefen mayafi, ta ce, “To Allah Ya kiyaye gaba. Kantar dai ta yi kyau, sai a matsar da ita.”

Ya juya wurin mai wuta. “Malam, ka yafe mini. Bakina ya yi maka yawa.”

“Ba komai, Maigida. Ai gara da ka kira ka yi faɗan. Wanda ba ya kira shi nake tsoro.”

Ya canza wayar, ya mayar da koriyar wurinta, ya miƙa wa Ba-Birki sifana ya ce ya ɗaure noti na biyu da kansa. Ya auna, mita ta yi ƙara. Kafin la'asar dutsen guga ya yi zafi, kayan makaranta suka fita a kan lokaci.

Washegari Ba-Birki ya cire takardar taswirar, ya sayo jan fenti da ɗan siririn buroshi, ya bi bangon nan fari ya mayar da kowane layi inda yake. Injiniya ya zo ya ce bangon ya yi muni. Yayarsa ta ce ya zauna ya sha ruwa, kuma kada ya taɓa komai.

Har yau idan baƙo ya zo shagon, Ba-Birki yana sa shi ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, wannan halin bai bari ba. Sai dai yanzu ba baƙin fentin yake nunawa ba. Yakan ɗora yatsa a kan wurin nan da aka kankare, mai faɗin tafin hannu, ya ce, “Ka ga nan? Duk motar nan babu inda ya kai shi kyau.”

Darasi: Mai aikin kirki yana tsare ka daga haɗarin da ba ka gani, har da wanda kai da kanka za ka jawo nan gaba. Kada ka raina shi don ya ɗau lokaci, ko don ya taɓa abin da kake alfahari da shi. Kuma idan abin da aka sa don ya kare ka ya ce tsaya, ka nemi dalili wurin wanda ya sani, kada ka cire shi don ya yi shiru. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yanzu haka saura masa noti ɗaya.